Magani Yana Nan, Bai Kai Gare Su Ba: Shanyewar Ɓarin Jiki a Tsakanin 'Yan Asalin Ƙasa



An ɗora mini magana a kan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da irin kulawar da 'yan asalin ƙasa suke samu idan shanyewar ɓarin jiki ta kama su. Waɗanda nake nufi su ne al'ummomin da baƙi suka tarar a ƙasarsu, suka ƙwace mulki, suka kuma rinjaye su da yawa har mai gida ya koma 'yan tsiraru: Aborijin da mutanen tsibiran Torres a Ostireliya, Maori a Niyu Zilan, da ƙabilun asali na Amurka da Kanada. Zan fi daɗewa a Ostireliya, domin a can ne lamarin ya fi fitowa fili.

A watan Maris na 2024, mujallar The Lancet Neurology ta fitar da ƙididdigar duniya ta shekarar 2021. Mutum biliyan 3.4, wato kashi 43 cikin 100 na 'yan Adam, suna ɗauke da wata lalura da ta shafi ƙwaƙwalwa ko laka ko jijiyoyi. Idan aka haɗa asarar rayuka da shekarun da ake yi cikin naƙasa, waɗannan cututtuka su ne a sahun gaba, sun wuce ciwon zuciya, kuma nauyinsu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 daga 1990. Abin da ya kawo ƙaruwar shi ne mutane sun yawaita, kuma suna daɗewa a duniya. Sanƙarau da tetanus sun ja baya saboda rigakafi, amma ciwon mantuwa ya hau, lalacewar jijiyoyi saboda ciwon suga kuwa ta ninka fiye da sau uku, ta kai mutum miliyan 206. A saman jerin duka akwai shanyewar ɓarin jiki: a 2021 ta kama mutum miliyan 11.9, ta kashe miliyan 7.3.

Fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan asara tana faruwa ne a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali. Wanda ya ji haka zai ɗauka masu kuɗi sun tsira. To, ƙididdigar ƙasa tana haɗa kowa da kowa ta raba daidai, kuma idan al'umma ba ta kai kashi 4 cikin 100 na jama'a ba, ko da ciwo yana cin ta, ba zai bayyana a lissafin ba. 'Yan asalin Ostireliya sun kai kusan 984,000 a 2021, kashi 3.8 cikin 100 ke nan. Namijinsu yana rayuwa shekara 71.9 a tsaka-tsaki, mace 75.6, sama da shekara takwas ƙasa da sauran 'yan ƙasar. A 2024 Dakta Anna Balabanski da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi a ƙasashen da suka fi ci gaba, suka ga Aborijin suna kamuwa da shanyewar ɓarin jiki tsakanin ninki 1.7 zuwa 3.2 na sauran jama'a. A Auckland ta Niyu Zilan, inda ake bin diddigin ciwon tun 1981, yana kama Maori wajen shekara 15 kafin shekarun da yake kama Turawa. A Amurka, binciken Strong Heart, wanda ya soma a 1988 a ƙabilu 13 na Arizona da Oklahoma da Dakota, ya gano ciwon ya fi yawa a cikinsu fiye da fararen fata da baƙaƙen fatar Amurka.

Ku lura da batun shekaru. Ciwon da ya kama tsoho ɗan 78 abin tausayi ne. Wanda ya kama mace 'yar 48 kuwa, mai riƙe da jikoki da marayun dangi, gida guda ya kwantar.

Wasu sukan yi saurin cewa abin a jininsu yake. Ban yarda ba, kuma zan nuna dalili da ciwo guda. Akwai ƙwayar cuta da ke kawo ciwon maƙogwaro da gyambon fata ga yara. Idan tana yawan kama yaro ba a yi magani ba, garkuwar jikinsa takan juya ta far wa ƙofofin zuciyarsa, su taƙure ko su riƙa yoyo. Zuciyar da ta lalace haka takan rikice a bugu, jini ya taru ya daskare a cikinta, wata rana gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. A Sidni da Melbon wannan ciwo ya kusan ɓacewa tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, saboda gidaje sun gyaru kuma an sami penisilin. A ƙauyukan Aborijin na Yankin Arewa na Ostireliya kuwa, yawansa yana cikin mafi girma da aka taɓa ƙididdigewa a duniya. Gida mai ɗaki uku sai ka tarar da mutum goma sha wani abu a ciki, famfo ya lalace, wankan yara ya zama aiki. Yaron da ciwon ya taɓa, sai an riƙa yi masa allurar penisilin mai kauri, mai zafi, a cinya ko a ɗuwawu, duk kwana 28, shekara biyar, goma, wani lokaci fiye. Ku kwatanta yaro ɗan 11 yana ƙirga kwanaki, ya san wata mai zuwa ma haka za a yi, har ya zama magidanci. Idan ya gaji ya daina zuwa, ciwon ya dawo. Wannan matsalar gida ce da ruwa, amma a sashen ƙwaƙwalwa take ƙarewa, ga saurayi ɗan 30 da hannunsa ya daina ɗaguwa.

Haka hawan jini, da ciwon suga, da ciwon ƙoda, da taba. Kanti guda ne a ƙauye, motar kaya tana zuwa daga ɗaruruwan kilomita, ganye da 'ya'yan itace sun yi tsada, lemon kwalba da farin burodi suna da sauƙi. A 2018 zuwa 2019, kashi 37 cikin 100 na 'yan asalin ƙasar masu shekara 15 zuwa sama suna shan taba kullum. Kuma kada a manta, an yi zamanin da ake biyan Aborijin ladan aikin kiwo da gari da shayi da sukari da taba.

Yanzu mu zo ranar da ciwon ya faɗo. Ƙwaƙwalwa tamkar fadamar noman rani ce, kowane fangali da kwarin da ke kai masa ruwa. Ko dai kwarin ya toshe fangalin ya bushe, ko ya ɓalle ruwa ya yi ɓarna. Toshewa ta fi yawa, kuma tana da magani iri biyu. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, wadda ake yi cikin awa huɗu da rabi daga farawar alamu. Akwai kuma aikin zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi ko ta hannu har cikin ƙwaƙwalwa a zaro gudan. An tabbatar da amfanin wannan aiki a 2015, kuma ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka tabbatar da shi, EXTEND-IA, likitocin Melbon ne suka jagorance shi. A 2018 aka nuna wasu marasa lafiya suna amfana da shi har zuwa awa 24. Amma ba a yin ko ɗaya sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar CT, domin idan jijiya ce ta fashe aka yi allurar narkarwa, an ƙara wa jinin gudu ne. Lissafin Dakta Jeffrey Saver na 2006 ya nuna idan babbar jijiya ta toshe, duk minti ɗaya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa miliyan 1.9 suke mutuwa.

A Melbon, tun Nuwamban 2017, akwai motar asibiti mai ɗauke da na'urar CT a cikinta. A ƙofar gidan mutum za a ɗauki hoton, a yi masa allurar kafin motar ta tashi. To, mu ɗauko waccan mace 'yar 48 a matsayin misali, mu ajiye ta a wani ƙauye a hamadar tsakiyar ƙasar. Yankin Arewa faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.35, ya fi Jamhuriyar Nijar girma, mutanensa kuma wajen 250,000 ne kacal. Da safe ta ɗauki kofin shayi ya suɓuce, bakinta ya karkace, magana ta sarƙe. Sai an sami mota an kai ta ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar jinya ta kira likita ta waya. Likita ya nemi jirgin Royal Flying Doctor Service, ƙungiyar da ta fara kai likita ta sama tun 1928. Jirgin yana iya kasancewa ya tafi ɗauko wani, a arewacin yankin kuma damina tana iya cinye filin sauka. An kai ta garin Alice Springs, an ɗauki hoto. Idan babbar jijiya ce ta toshe, Adelaide za a nufa domin aikin zaro gudan, wajen kilomita 1,500. Awa huɗu da rabi ta daɗe da wucewa. Ƙasa ɗaya ce, gwamnati ɗaya, katin inshorar lafiya iri ɗaya ne a jakar wannan mata da ta Melbon.

'Yan Ostireliya suna ƙoƙari a kan matsalar nisa. Likitan ƙwaƙwalwa yana duba mara lafiya ta bidiyo daga birni ya ba da umarni, kuma a 2021 gwamnati ta ba ƙungiyar Australian Stroke Alliance dalar Ostireliya miliyan 40 domin ƙera na'urorin hoto marasa nauyi da jirgi zai iya ɗauka. Ina yi musu fatan nasara. Sai dai mafi yawan Aborijin a birane da garuruwa suke zaune, 'yan tsiraru ne a ƙauyukan nesa, kuma giɓin bai tsaya a hamada ba. Binciken asibitocin ƙasar na 2009 ya nuna ɗan asalin ƙasa da ya riga ya shigo asibiti bai cika samun gado a sashen musamman na masu shanyewar jiki ba kamar sauran, ba a cika duba shi da wuri wajen masu gashi da masu koyar da magana ba, kuma a cikin masu shekara 18 zuwa 64, haɗarin ya mutu ko ya fita yana dogara da wani ya kai wajen ninki uku. Wannan a cikin ginin asibiti ya faru, inda babu sauran uzurin hanya.

A nan nake so in daɗe. Wannan ciwo yakan ɗauke magana. Mutum yana jin abin da ake faɗa amma kalma ta ƙi fitowa, ko tana fitowa a birkice. Likita yana gane haka ne ta hanyar hira: faɗi sunanka, mene ne wannan, maimaita abin da na ce. Lokacin da Turawa suka sauka a 1788, harsuna sama da 250 ake yi a nahiyar, kuma ƙidayar 2021 ta sami fiye da 150 da har yanzu ake yi a gida. Dattijuwa daga Arnhem Land tana iya jin harsuna huɗu, Ingilishi ya zama na biyar. An tsaya a kanta, baƙon namiji yana jero tambayoyi da sauri, ta sunkuyar da kai, domin a tarbiyyar al'ummomi da yawa a can kallon baƙo ido cikin ido rashin kunya ne. Ko kuma ta ce e ga kowace tambaya don a rabu lafiya. Me likita zai rubuta? Yana iya cewa maganarta ta tafi alhali tana nan. Yana iya cewa Ingilishi ne ba ta ji, alhali ciwon ne ya ɗauke harshen. Mafi muni, mai tangaɗi da sarƙewar murya, idan Aborijin ne, ana iya yi masa kallon wanda ya sha giya, a ajiye shi a gefe ya wartsake, agogo kuwa yana tafiya.

Yankin Arewa ya kafa hukumar tafintocin Aborijin a shekarar 2000. A babban asibitin Darwin, masu bincike daga cibiyar Menzies sun bi diddigi, suka ga da aka ƙara yawan kiran tafinta, yawan marasa lafiyan da ke barin gado kafin a sallame su ya ragu. Ina so ɗalibanmu su riƙe wannan. Takardar asibiti takan rubuta cewa mara lafiya ya tafi ba da izinin likita ba, laifin ya koma kansa. Ba ta rubuta cewa ya yi sati babu wanda ya gaya masa abin da ke damunsa da harshen da yake ji.

Ga kuma tarihi. Daga 1908 zuwa 1919, gwamnatin Yammacin Ostireliya ta riƙa kwashe Aborijin da ake zargi da cutar sanyi, wasu da sarƙa a wuya, tana tsare su a asibitocin tsibiran Bernier da Dorre, da yawa can aka binne su. Har zuwa shekarun 1970 ana raba yara da iyayensu da ikon doka, wasu daga ɗakin haihuwa. Rahoton Bringing Them Home a kan raba yaran nan ya fito a 1997, Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa ranar 13 ga Fabrairun 2008. Yaran da aka ɗauke a 1960, yau su ne a shekarun da shanyewar jiki take kamawa. Idan irin wannan dattijo ya ji hannunsa ya yi sanyi ya ce bari ya jira gobe, ba ni da bakin kiran sa jahili.

Bayan sallama kuma sai wani giɓin. Farfaɗowa daga wannan ciwo aikin watanni ne: gashi, koyon tafiya, koyon haɗiya, koyon magana. Binciken Missing Voices, wanda Farfesa Elizabeth Armstrong ta jagoranta a Yammacin Ostireliya, ya saurari Aborijin da ciwon ko raunin kai ya taɓa maganarsu, ya tarar da yawa sun koma gida kulawa ta yanke. Zaɓin da ake ba mutum mai ɗaci ne: ko ya zauna a birni shi kaɗai ana yi masa gashi, ko ya koma ƙasar kakanninsa da danginsa ya haƙura da magani. Da yawa gida suke zaɓa.

To, me ya yi aiki? A 1971, a unguwar Redfern ta Sidni, Aborijin suka buɗe asibitinsu na farko wanda su ke tafiyar da shi. A 1973 aka kafa irinsa mai suna Congress a Alice Springs. Yau irinsu sun haura 140. A nan ne ake gwajin hawan jini da suga, a nan ake bin yaran allurar kwana 28, kuma mai karɓarka a ƙofa ɗan garinku ne. Saboda ciwon yana zuwa da wuri, tun 2020 masana suka ba da shawarar a fara auna haɗarin zuciya da jijiya ga 'yan asalin ƙasa daga shekara 30.

A yankin Kimberley, likitoci sun ga gwajin mantuwa na Turawa bai dace ba. Gwajin yana cewa ka riƙa cire bakwai daga ɗari, ka rubuta jimla, ka jero harufan kalma daga baya. Dattijon da ya yi rayuwarsa yana kiwon shanu bai shiga aji ba zai faɗi ko da ƙwaƙwalwarsa garau take. Sai suka zauna da dattawan yankin suka ƙirƙiro gwajin KICA. Ana nuna wa mutum mataji da kofi da ashana, ya faɗi sunansu da amfaninsu, a ɓoye su a gabansa, can anjima a ce ina aka sa su. Ana tambayarsa wane lokaci ne na shekara, kuma wannan makon na biyan fansho ne ko a'a. Da wannan gwaji aka gano a 2008 cewa kashi 12.4 cikin 100 na masu shekara 45 zuwa sama a yankin suna da ciwon mantuwa, wajen ninki biyar na ƙasar baki ɗaya. Cikin abubuwan da aka ga suna tafiya tare da shi akwai raunin kai, da farfaɗiya, da shanyewar jiki da aka taɓa yi. Ciwon yana nan tun da can, ma'aunin ne bai gan shi ba.

Wanda ya fi burge ni daga Niyu Zilan ya fito. Dakta Matire Harwood, likita 'yar Maori, da abokan aikinta sun gwada wani abu da suka kira Take Charge a kan Maori da mutanen tsibiran Fasifik 172 da shanyewar jiki ta kama. Babu magani a ciki, babu na'ura. Mutum ɗaya daga al'ummar mara lafiyan zai je gidansa bayan sallama, su zauna da iyalinsa sama da awa guda, ya tambaye shi: kai wane ne kafin ciwon nan, me kake so ka koma yi, wa zai taimake ka? Mara lafiyan ne zai tsara burinsa, mai ziyara sauraro ne nasa. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna bayan shekara guda waɗanda aka ziyarta sun fi ƙarfin jiki, sun fi tsayawa da ƙafarsu, masu jinyarsu kuma sun fi samun sauƙi. Daga baya aka maimaita gwajin a kan mutum 400 waɗanda ba Maori ba, aka buga a 2020, shi ma ya yi aiki. Abin da aka tsara domin 'yan tsiraru ya dawo ya amfani kowa.

Akwai wuri guda da wannan labari ya taɓa mu kai tsaye. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya fito a 2018 da mutum 2,118 da ciwon ya kama. Tsaka-tsakin shekarunsu 59, kusan ɗaya cikin uku jijiya ce ta fashe, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin an danganta shi da hawan jini. Siffar ta yi kama da ta Aborijin da Maori: ciwo mai zuwa da wuri, daga abin da awon minti biyu zai iya ganowa.

Saboda haka ina roƙon ɗalibanmu da za su tsaya a bakin gado gobe. Idan aka kawo muku wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, tambayar farko ita ce yaushe aka gan shi lafiya na ƙarshe, a rubuta lokacin. Kada a ba shi ruwa ko kunu sai an gwada haɗiyarsa. Idan Bafulatani ne ko Babarbare ko Buzu wanda Hausarsa ta kasuwa ce kawai, a nemo mai jin harshensa kafin a yanke hukunci a kan maganarsa, kuma a rubuta a fayil da wane harshe aka gwada shi. Ranar sallama a zaunar da wanda zai yi jinyarsa a gida, a nuna masa yadda ake juya shi duk awa biyu, da yadda ake riƙe kafaɗar da ta saki ba a ja ta ba, a kuma faɗa masa ƙarara cewa maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.